Notin Ƙafar Tarakta da Minti Goma na Safiya

Laccar da aka gabatar wa masu taraktoci, direbobi, kanikawa da ƙungiyoyin manoma na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, gab da faɗuwar damina



Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya ƙara lafiya. Shugabannin ƙungiyoyin manoma, alhazanmu masu taraktoci, 'yan'uwana kanikawa da masu faci da masu walda, ƙannena direbobi da yaran mota, sannunku da zuwa, sannunku da hanya, musamman mutanen Doguwa da Riruwai da suka keto dajin Falgore tun da sanyin safiya.

An ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai cikin sha'anin injinan noma, ni kuwa na zaɓi notin da ke riƙe da ƙafar tarakta. Na san a cikinku akwai masu son jin batun rance, ko tsadar gas, ko inda za a samo sabuwar tarakta cikin rahusa. Duk matsaloli ne na gaske, sai dai maganinsu yana Kano da Abuja. Shi noti maganinsa yana hannun mutanen da ke zaune a wannan wuri. Ƙanƙantarsa kuma ba ta hana shi, a yini guda, ya kwantar da direba a asibiti, ya ajiye tarakta a gareji ana tsakiyar huɗa, ya bar manoman da ke layi suna kallon damshi yana wuce su.

Ƙasarmu ta kudancin Kano ba ta raga wa ƙafar tarakta. Ruwan sama ya fi sauka a nan fiye da arewacin jiha, ƙasa ta fi danƙo da nauyi, idan kuma aka nufi Riruwai sai tudu da gangare da duwatsu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noma a Bebeji da maƙwabtanta ya wuce na damina kaɗai. Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, Doguwa da masara, ga dawa da rake da waken suya ko'ina. Don haka tarakta a wurinmu ba ta san hutu ba. Da damina kaftu da haro da huɗa. Da kaka a ɗaura mata tirela ta yi ta jigilar buhuna zuwa Kafin Maiyaƙi da Kwanar Dangora da kasuwar Tudun Wada. Da rani yashi da bulo da takin gida. A yini ɗaya sai ta fito daga lakar fadama, ta hau burji mai gargada, ta hau kwalta, ta sake gangarawa gona.

Su ma taraktocin sun sauya. Dattawan da ke nan sun san zamanin manyan Massey Ferguson, da Fiat da aka riƙa haɗawa a kamfanin NTM na Kano, da Steyr ta Bauchi. Da yawansu na hukuma ne a wancan lokaci, suna da gareji, suna da bakanike mai albashi. Yanzu ƙananan taraktoci ne ke shigowa daga Indiya da Sin, masu ƙarfin doki 25 zuwa 50, da 'yan na hannu masu ƙafa biyu da ake shiga fadama da su. Ina murna da zuwansu, domin sun dace da girman gonakinmu da ƙarfin aljihunmu. Abin da ke damuna shi ne kayan manya da muke aza musu. Buhu 30 na masara tan 3 ke nan, alhali ƙaramar taraktar da ke jan su, ita kanta sau da yawa ba ta kai tan 2 ba. Ƙusoshin ƙafarta sun fi sirantaka, tsakanin ƙafafunta ya fi ƙunci. Gangancin da babbar tarakta za ta shanye, ƙaramar ba za ta shanye shi ba.

To, ina so ku ba ni hankalinku a nan, domin wanda ya fahimci yadda noti ke riƙe ƙafa, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi. Mutane da yawa, har da wasu kanikawa, sun ɗauka ƙafar tana rataye ne a jikin ƙusoshin da suka ratsa ramukan wili, wato su ke ɗauke da nauyin. A ƙafar da aka ɗaure daidai, matsi ne ke ɗaukar nauyin. Idan ka ɗaure noti, ƙusar da yake hawa, wadda kanikawa ke kira sitod, tana miƙewa kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani, wadda ba ta kai kaurin takarda ba. Ƙarfen yana son ya koma yadda yake, sai ya matse wili da fuskar hob, wato ƙarfen da wili ke zama a kai, su manne har su zama abu ɗaya. Ku dubi robar da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. Jan da aka yi mata shi ne ƙarfinta. Idan kayan suka lotsa a hanya, ƙullin yana nan yadda aka yi shi, amma robar ta saki, kaya sun fara rawa.

Haka yake a ƙafar tarakta. Tunda miƙewar ba ta kai kaurin takarda ba, duk abin da ya shiga tsakanin wili da hob ya isa ya cinye ta: sabon fenti, ɓawon tsatsa, busasshiyar laka, 'yan ƙwayoyin yashi. Ka ɗaure da safe ka ji ya yi tsam. Tarakta ta shiga gona, nauyi da girgiza suka murƙushe fentin ko lakar, sai matsin ya tafi. Notin bai juya ko kaɗan ba, amma ya riga ya saki. Wannan shi ya sa direba zai rantse maka da hannunsa ya ɗaure, kuma gaskiya ya faɗa.

Da zarar matsi ya ragu, wili zai fara zamewa a fuskar hob, gaba da baya, kaɗan-kaɗan. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa irin wannan zamewa ta gefe ita ce ta fi komai saurin kwance noti, kuma har yau da na'urar gwajin da ke ɗauke da sunansa ake auna juriyar notoci a masana'antu. Ku yi lissafi da ni. Tayar baya da kewayenta ya kai mita 4 tana juyawa sau 250 a kilomita ɗaya. Garma mai faɗin mita ɗaya, kafin ta gama hekta ɗaya, tarakta ta yi tafiyar kilomita 10. Juyi 2,500 ke nan a hekta guda, kuma a kowane juyi ana tura kowace ƙusa a dawo da ita. Daga nan ramukan wili su fara cinyewa, su yi tsawo. Ƙusa ta fara tsagewa daga gindi. Ɗaya ta karye, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma su bi ta, kuma na ƙarshen ba sa ɗaukar lokaci.

Abin godiya shi ne ƙafa ba ta fita ba sanarwa. Za ka ga jan garin tsatsa ya zubo daga gindin noti ya ja layi a jikin wili. Za ka ga ƙarfe ya yi ƙyalli a kewayen noti inda ake ta goga, ko fenti ya tsattsage. Za ka ji ƙas daga ƙafar baya duk lokacin da ka sauya daga gaba zuwa ribas. Idan ka ƙwanƙwasa notocin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma, mai lafiya yana amsawa da kaifin sauti, wanda ya saki kuwa muryarsa a dushe take. A Ingila manyan motoci da bas-bas suna yawo da wasu 'yan robobi masu ruwan ɗorawa a kan kowane noti, masu tsini suna kallon juna, domin direba ya gane da ido idan ɗaya ya juya. Mu ba sai mun saye su ba. Bayan an ɗaure daidai, a ɗauki farin fenti a ja layi ɗaya daga kan noti zuwa jikin wili. Ranar da layin ya rabu biyu, notin ya motsa. Amma ku riƙe wannan: layin fenti juyawa kawai yake nunawa. Sakin da ke zuwa daga murƙushewar laka ko fenti, sai sifana ce ke gano shi.

Yaushe ne haɗarin ya fi kusa? Duk lokacin da aka taɓa ƙafa. Sabuwar tarakta da aka sauke daga mota tana cikin wannan hali, domin fentinta bai kwanta ba, ga shi mai ita yana ganin sabuwa ce, ba ta buƙatar dubawa. Wadda ta dawo daga wurin mai faci ma haka, musamman facin da aka yi a bakin gona, aka kwantar da wili a ƙasa, aka zuba notoci cikin turɓaya, aka mayar a gurguje saboda hadari ya haɗo. Haka wadda aka cire wa tayoyi aka sa ƙafafun ƙarfe don shiga fadamar shinkafa. Sai kuma wanda na fi so mu lura da shi, domin namu ne na masu huɗa: sauya faɗin ƙafafu. Malaman gona suna ba da shawarar tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya a masara, don haka ake buɗa ƙafafu ko a tsuke su, taya ta bi kwari. A taraktoci da yawa ƙafar baya gida biyu ce, akwai faifan tsakiya, akwai rim ɗin da taya ke kai, kuma notoci jeri biyu ne: na tsakiya da ke kama hob, da na gefe da ke haɗa faifai da rim. Kowa yana tuna na tsakiya. Na gefen nan, waɗanda laka ke rufewa, su ake mantawa, alhali su aka kwance wajen sauya faɗin.

Kamfanonin da ke ƙera taraktoci sun san da wannan, shi ya sa ba su ce a ɗaure sau ɗaya a tafi ba. Littafin ƙananan taraktocin Kubota, alal misali, yana cewa bayan an taɓa ƙafa a yi tafiyar kimanin mita 200 a sake bin notocin, a sake bayan aikin yini ɗaya, daga nan kuma duk bayan awa 50. Sauran kamfanoni lambobinsu sun ɗan bambanta, amma manufar ɗaya ce. A lokacin huɗa, da tarakta ke aiki daga asuba zuwa dare, awa 50 ba ta kai mako ba. Wanda ke son abin da zai iya riƙewa, ya sa wa kansa safiya biyu a kowane mako.

Yadda ake ɗaurin ma yana da ƙa'ida. A kankare fuskar hob da bayan wili da burushin ƙarfe har sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A sa kowane noti da hannu tukuna, wanda ya ƙi shiga da hannu zarensa ya lalace, kada a tilasta shi. Sannan a ɗaure ana tsallakawa, wannan sai wanda ke fuskantarsa, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi, domin wili ya zauna daidai.

Yanzu zan juya ga 'yan'uwana kanikawa da masu faci, kuma ku yi mini haƙuri, domin maganar ta fi shafar masu ƙwazo a cikinku. Bakaniken da ke tsoron kada ƙafa ta kwance, shi ne ke zura dogon bututun ƙarfe a sifana, ya hau kai, ya yi tsalle, har sai notin ya yi kuka. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ya kashe ƙusar. Ƙarfe yana da iyakar miƙewar da zai iya dawowa daga gare ta. Idan aka wuce iyakar ya miƙe ke nan har abada, ba sauran matsi a jikinsa, kuma yana gab da tsinkewa. A littafin tarakta za ku ga lamba da haruffan Nm a gabanta, ita ce awon ƙarfin ɗauri. Nauyin kilo 20 a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya kusan Nm 200 ne, kuma notocin ƙafafun ƙananan taraktoci da yawa a kewayen nan suke, na gaba ƙasa da haka, na baya daidai ko sama kaɗan. To mutum mai kilo 70 da ya hau bututu mai tsawon mita ɗaya da rabi ya zuba fiye da Nm 1,000, tun kafin ya yi tsalle. Ninki biyar ke nan. Mutumin nan dai, da zai ɗora nauyinsa a hankali a tazarar santimita 30 daga noti, sifana tana kwance, da ya samu kusan 200. Wannan dabara ce ta ranar da babu yadda za a yi. Abin da ya dace shi ne sifana mai awo, wadda ake saita ta a kan lambar littafi, ta yi ƙara idan an kai.

Akwai kuma al'adar shafa baƙin mai ko giris a zaren ƙusa don ya yi daɗin kwancewa gaba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da kake sawa a sifana gogayya ce ke cinye shi, ɗan ragowar ne ke miƙar da ƙusa. Idan ka sa mai ka rage gogayya, sai ƙarfin hannu iri ɗaya ya ja ƙusar fiye da kima. Lambar littafi ta busasshen zare mai tsabta ce, in ba littafin ne ya ce a sa mai ba.

Idan ƙusa ta karye, a dubi kanta kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen wata. Akwai lamba a jiki, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ita ke nuna ƙarfin ƙarfen. Ƙusar da ba ta da lamba, ko mai 4.6, ta ƙofa da gado ce, ko da kaurinta ya yi daidai da ramin. Noti ma iri-iri ne, akwai mai gindi a shafe, akwai mai gindi a fiƙe wanda ke shiga bakin rami ya daidaita wili, kuma ba a musanya su. In ɗaya ta karye, a sauya har da na kusa da ita, domin sun sha wahalar da ba ta fito fili ba tukuna. Wilin da ramukansa suka yi tsawo ya gama aiki, washa ba za ta cece shi ba. Sannan ina roƙon masu walda, don Allah, idan aka kawo muku tarakta aka ce ku ɗiga wa noti wuta don kada ya sake kwancewa, ku ƙi. Zafin yana kashe ƙarfin ƙusa, kuma kun rufe hanyar sake ɗaurewa. Walda a jikin rim da taya a kai kuwa, ko an sace iskar, tana iya fasa tayar ta hallaka mai waldar da duk wanda ke tsaye kusa.

Me ke faruwa idan ƙafa ta fita? A kan shimfiɗaɗɗiyar gona, ana tafiya a hankali, wataƙila a tsira da karyewar hob da asarar kwanaki. A gangaren Riruwai, ko a gefen kwalta da tirela cike a baya, gefe ɗaya ne zai faɗi ƙasa, kayan su turo, tarakta ta kife. Ita kuma ƙafar da ta fita, musamman wadda aka ɗura wa ruwa don ƙarin nauyi, tafiyarta take ci gaba da yi, kuma duk abin da ta tarar sai ta bi ta kansa. Masu binciken haɗurran gona sun auna cewa taraktar da ta ɗaga gaba za ta kife ta baya tana wuce inda za a iya ceto ta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Maganar wai direba zai yi tsalle ya fita, mu bar ta.

Abin da ke ceton rai a wannan hali shi ne ƙarfen kariyar nan mai kama da ƙofa da ke tsaye a bayan kujera, tare da bel. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mutuwa ta dalilin kifewar tarakta ta ragu a can da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Amurka ta wajabta shi a 1976 ga sababbin taraktocin da 'yan ƙwadago ke tuƙawa. Mu kuwa na sha ganin an kwance shi an jingine a zaure, wai yana kama rassan mangwaro, ko an yanke shi an yi rumfar kwano da shi. Rumfa rana take karewa, ba ta ɗaukar nauyin tarakta. Wanda nasa ke zaure, ya mayar da shi kafin ruwa ya sauka, da ƙusoshinsa na asali. Kuma ko yana nan, mutum ɗaya yake karewa, wanda ke kan kujera ya ɗaura bel. Yaron da ke zaune a kan murfin taya, da 'yan ƙwadagon da ke tsaye a kan ƙarfen jan tirela, da matan da aka rage wa hanya a kan buhuna ranar kasuwa, babu abin da ke tsakaninsu da ƙasa. Na san wahalar abin hawa a ƙauyukanmu, na san nauyin a ce wa maƙwabci a'a. Duk da haka kujerar tarakta ɗaya ce.

Sauran duban safe ba zan daɗe a kansa ba, domin yawancinku kun san shi. Inji a kashe, makulli a aljihu, garma a ƙasa, sannan a zagaya. Baƙin mai, ruwan lagireto tun inji na da sanyi, matatar iska, ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar gas, iskar tayoyi da tsagar gefensu. A kama tayar gaba a girgiza, in tana wasa a duba boris da tayarod. Fil ɗin da ke riƙe garma da tirela ya zama fil na gaske mai makulli, ban da ƙusar kafinta da waya. Abu uku kawai zan ja wa layi. Birkin tarakta biyu ne, na hagu da na dama, a gona ana raba su don juyawa, amma kafin a hau hanya dole a haɗa su da sakatarsu, in ba haka ba taka ɗaya cikin gudu zai wurga tarakta gefe. Sandar fitiyo da ke juya injin casa ko famfo tana yin juyi 540 a minti, wato 9 a daƙiƙa, kuma babbar riga da rawani da bakin zane ba sa jituwa da ita, don haka murfinta ya zauna a kanta. Na uku, tayar da inji daga ƙasa ta hanyar haɗa waya da sukundireba a jikin kik, mutum yana tsaye a gaban tayar baya. In tarakta tana cikin giya, shi ne farkon abin da za ta taka. Idan kuma za a cire ƙafa, jak kaɗai ba abin dogara ba ne, a tokare da katako mai ƙwari, ban da bulon siminti, kuma a kori yara daga wurin.

Duk wannan zagaye minti goma ne. To me ya sa ba a yi? A nan ne nake ganin ainihin matsalar take, kuma ba zan ɗora wa direba laifin shi kaɗai ba. Taraktoci sun yi kaɗan, lokacin huɗa gajere ne. Ruwa yakan riga sauka a Doguwa kafin Bebeji, sai tarakta ta yi ta bin damshi daga kudu zuwa arewa, tana cin doguwar hanya a kan kwalta, tana kwana inda dare ya yi mata. Direba yawanci gwargwadon ekar da ya yi ake sallamarsa. Mai tarakta yana gida yana jiran waya ya ji nawa aka tara. Dillali ya karɓi kuɗin mutane ya yi alkawari. Manomi ya kwana a bakin gonarsa, da ya ga direba ya durƙusa da sifana sai ya ce ana ɓata masa lokaci. A cikin mutanen nan huɗu babu wanda minti goman nan ke aljihunsa, shi ya sa kullum su ake fara zubarwa.

Alhazai masu taraktoci, ku ya kamata ku fara ɗaukar nauyinsu, domin jarin naku ne. Ƙusoshi da hob da wili na ƙafa ɗaya, da kuɗin ɗauko bakanike zuwa daji, da kwanakin da za a rasa ana jiran kaya daga Kano a lokacin da kowace awa kuɗi ce, ku auna su da minti goma. Ku sa duban safe cikin sharaɗin aiki, ku ware masa ɗan hasafi na daban, kada direba ya ga kamar daga aljihunsa ake cira. Ku saya masa sifanar da ta yi daidai da notocinsa, da burushin ƙarfe, da gwangwanin fenti, da ɗan littafin da zai riƙa rubuta awar mita da ranar da aka bi notoci. Littafin kamfani kuma a fito da shi daga akwati. In da Turanci yake, a samu malamin gona ko ɗalibi ya fitar da lambobin ɗauri, a rubuta su da fenti a jikin tarakta inda kowane mai faci zai gani. Mafi muhimmanci, ranar da direba ya bugo waya ya ce ya tsaya saboda ya ga jan tsatsa a gindin noti, ku sa masa albarka. In kuka yi masa faɗa sau ɗaya, ba zai sake faɗa muku ba.

Ƙannena direbobi, ku ne a kan kujerar, ku ke da mata da 'ya'ya da ke jiran dawowarku. Yaron motar da ke tare da ku kuma abin da ya ga kuna yi shi zai ɗauka, kamar yadda kuka ɗauka daga iyayen gidanku. Ku miƙa masa gudumar ya ƙwanƙwasa, ku koya masa bambancin sautin. Manoma kuma, idan kuka ga direba yana zagaya tarakta, ku ba shi wuri, gonarku yake tsarewa, domin taraktar da ta zube a kunya ta uku ba za ta gama muku huɗa ba.

Idan aka yi rashi mukan ce ƙaddara ce, kuma haka ne, babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma malamanmu da ke zaune a nan su suka karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali, kuma ran wanda ka ɗauka aiki amana ne a wuyanka. Ina roƙonsu su taɓo wannan a huɗuba kafin damina ta kankama. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni kuma, maganarku tana da nauyi a kan batun ɗaukar yara da fasinja a tarakta, fiye da tawa.

Buƙatata ta ƙarshe ga ƙungiyoyi ce. Sifana mai awo ta fi ƙarfin direba ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Kowace ƙungiyar manoma ko ta masu taraktoci ta sayi guda, wadda awonta ya kai na ƙafar baya, a ajiye ta wurin amintaccen bakanike ko mai faci a Tiga, da Ƙofa, da Yako, da Kafin Maiyaƙi, da 'Yaryasa, da Burumburum, da Daɗin Kowa, duk inda taraktoci ke yada zango. A riƙa biyan ɗan abin da za a adana don gyaranta, a riƙa sassauta awonta bayan an gama aiki, kada kuma a yi kwance da ita, ɗauri kawai. Shugabanni su zauna yau kafin a watse su tsayar da wanda zai riƙe ta a kowane gari.

Bayan tambayoyi za mu fita wurin taraktar da aka ajiye a waje. Ina so direbobi da masu faci su fara riƙe sifanar, kowa ya ɗaure noti ɗaya da hannunsa yadda ya saba, sannan mu auna mu gani. Masu taraktoci kuma su tsaya kusa da agogo a hannu, su duba tsawon lokacin da zagayen ke ci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu.